Yadda Aka Ci Ni Tara a Amurka Kan Kifi Biyu

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A coci bayan sujada, a rumfar mai faci ta bakin hanyar Rikoto inda muke zaman yamma, har a layin tantance 'yan fansho, sai wani ya ja ni gefe ya rage murya: "Saja, wai da gaske ne Turawa sun koro ka saboda satar kifi?" Ban san wanda ya fara yaɗa maganar ba, ko da yake ina zargin ƙanin matata. To, ga yadda aka yi daga bakina, don in daina maimaitawa. Ba a koro ni ba. Da ƙafata na hau jirgi ranar da aka rubuta a tikitina. Amma an ci ni tara, kuma a kan kifi ne, kuma har yau ban sunkuyar da kai ba idan an tayar da zancen.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bawa, tsohon soja, da igiya uku na yi ritaya. Fatsa a bariki na koye ta, wurin wani abokin aiki da ya tashi a bakin Binuwai. Ba don sayarwa nake yi ba, zaman ne nake so. Mu mutanen Zuru manoma ne, a ga namiji da ƙarfinsa ya zauna bakin rafi yana kallon zare, lalaci ake kiran abin. An daɗe ana yi mini dariya, ni kuma na daɗe ban kula ba.

'Yata Rifkatu aikin nas take yi a can Amurka, ta auri wani Bature mai suna Maikel. Da ta haihu, uwarta Saratu ce ya kamata ta je, amma hawan jini ya hana, ga tsoron jirgi. Sai aka ce ni in je. Matan unguwa suka samu abin yi: wai ga namiji zai tafi wankan jego.

Ana saura kwanaki kaɗan a yi Ista na bar Zuru, zafi kamar a gasa mutum. Saratu ta cika mini jaka da kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya da kilishi. Ni kuwa abin da na fi damuwa da shi sandar fatsata ce ta gora, wadda na yi shekaru ina riƙe da ita. Direban motar, wani Bakabe mai suna Malam Sani, ya dube ta ya ce, "Saja, mi za ka yi da sanda ƙasar Turawa? Kiwo za ka?" Na ce ya ɗaure ta a saman mota kawai. Muna isa Dirin Daji aka ƙara fasinja da buhun masara, kafin in buɗe baki an jibga buhun a kanta. Na ji ƙarar karyewarta har cikin ƙirjina. Malam Sani ya ce in yi haƙuri, gora ba ta ƙarewa a duniya. Ban sake yi masa magana ba har Kwantagora, sai in an zo shingen sojoji ya ce in leƙo da kaina don su ga tsohon nasu su bar mu mu wuce. A hanyar nan kowa ya san halin da ake ciki, idan an shiga daji mota takan yi tsit, Musulmi na jan carbi, mu ma muna tamu addu'ar. Allah ya kai mu Abuja lafiya.

Zancen jirgi ba shi da yawa. An ɗaure ni a kujera tsakanin wata mata mai barci da wani saurayi da ya toshe kunnuwansa, aka ba ni shinkafar da ba ta kai cikin tafin hannu ba.

A filin jirginsu ne aka fara. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Aka kai ni wani teburi. Ɗan kwastan ya ɗaga kilishin Saratu da yatsu biyu ya jefa a kwandon shara, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Na ce masa wannan ya sha rana ya sha wuta, babu ƙwayar cutar da za ta rayu a cikinsa. Ko kallona bai yi ba. Da ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya, ya tambaye ni ko ta lalace ne. Na ce a'a, haka take idan tana da lafiya. Ya yi sauri ya ƙulle ya tura mini. Sai ya zo kan gwangwanin ƙugiyoyina. Nan fuskarsa ta sake. Ya ce shi ma yana fatsa ranar hutu, ya tambaye ni wane irin kifi muke samu. Muka tsaya ina kwatanta masa girman tarwaɗa da hannuwana, mutane na jira a layi.

Garin su Rifkatu ƙarami ne, a bakin teku, can arewa inda sanyi bai gama tafiya ba ko da an ce bazararsu ta shigo. Ɗakin da aka ba ni a ƙarƙashin ƙasa yake. Na ce wa Rifkatu a wurinmu ba a sa mai rai a nan, ta ce, "Baba, shi ya fi ɗumi." Gaskiyarta kuwa. Jikana Allah ya yi shi da ƙoshin lafiya, kuma na koyi goyo a gaba da wata jaka mai igiyoyi, abin da na roƙi kada a ɗauki hotonsa, aka ɗauka.

Abin da ya fi damuna shi ne gaisuwa. Ka ce wa maƙwabci ina kwana, ya ɗaga hannu ya shige mota, ba ya tambayar gida, ba ya tambayar gajiya. Kowa yana da fili a ƙofar gida mai kyau da shuka, amma ciyawa suke shukawa, su ba ta ruwa, ta girma su aske ta, babu ko akuyar da za ta ci. Abinci kuwa ganye ɗanye da burodi mai sanyi. Sai da Rifkatu ta tuƙa tuwon garin masara da miyar kuka na ji na sauka da gaske.

Wanda ya cece ni daga zaman ɗaki shi ne mahaifin Maikel, wani dogon tsoho mai suna Walta. Matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai, likita kuma ya ce zuciyarsa ta gaji. Ba shi da yawan magana. Ranar da ya ji labarin sandata, washegari ya zo da tasa guda ya miƙa mini, ya ce in shiga mota.

Fatsa a can sai da lasisi. Na yi dariya da na ji, amma aka yanka mini. Kuma ba kowane kifi ne naka ba don ya haɗiyi ƙugiyarka. Walta yana yawo da abin awo, in kifi bai kai ba sai ya cire masa ƙugiya a hankali kamar mai cire wa yaro ƙaya, ya mayar. Na ce masa a gida in ka mayar da kifi ruwa za a ce a kai ka wurin addu'a. Amma na gane shi. Mu biyu ba ciki ne ya kai mu bakin ruwa ba.

Wata safiya ya ce yau ba fatsa, zai nuna mini wani abu. Ya kai ni wani rafi da ke shiga teku, kusa da wata tsohuwar madatsar ruwa. A gefenta an gina matakala ta siminti, ruwa na gangarowa a kanta. Na leƙa sai na ga kifi, farare masu ƙyalli, siffarsu kamar kawara, suna kokawa da ruwa suna hawa mataki bayan mataki. Herin suke kiransa. A teku yake rayuwa, amma idan lokacin haihuwa ya yi sai ya komo rafin da aka ƙyanƙyashe shi. Na daɗe a tsaye. Kifi bai kai tsawon takalmina ba, ruwa ya buge shi ya faɗo, ya sake ɗaga kai. Na ga sojojin da ba su da wannan zuciyar.

Na ce, "Ai da yawa." Walta ya girgiza kai. Ya ce lokacin yana yaro ba ka ganin ƙasan rafin nan saboda bayan kifi. Kowane gida sai ya zo da koma da bokiti, a ƙyafe wasu, a sa wa wasu gishiri, masu fatsa su ajiye na ɗana ƙugiya. Mahaifiyarsa takan soya ƙwan kifin da ƙwan kaza, daga baya matarsa ta gaje ta. Sai kifin ya yi ta raguwa har hukuma ta hana. Ya nuna mini allo a bakin gada: kada a kama, kada a riƙe, ko guda ɗaya. Shekara da shekaru ke nan.

Na ce to ai doka ta yi daidai. Sai ya ja ni zuwa tashar jiragen ruwa ta wani gari da ke gaba. Nan na ga jiragen kamun kifi waɗanda kowanne ya fi ginin cocinmu, da taru a naɗe a baya kamar tsauni. Ya ce waɗannan wani kifi dabam suke nema a teku, amma herin na rafi yana tafiya a cikinsa, kuma taru ba ya tambayar sunan kifi. Ya ce da an yi taro yakan je ya yi magana, har ya gaji ya daina. A hanyar komawa ya ce, kamar da kansa yake, "Da zan sake ɗanɗana ƙwan nan sau ɗaya kafin in tafi."

Maganar ta kwana a raina, ta wuni. Mutum ya tsufa a bakin rafin ubansa, yana kallon abincin uwarsa yana wucewa, an ce kada ya taɓa, alhali can a teku ana kwasa da inji.

Ranar Talata da safe na ɗauki bokitin wanke mota na Maikel na tafi da ƙafa. Ban ɗauki fatsa ba. Duk wanda ya tashi a duwatsun ƙasarmu ya san kama kifi da hannu idan rafi ya ja baya. Na tuɓe takalmi na shiga. Ruwan kamar an sa mini wuƙa a ƙafa. A ƙasan matakala, inda suke taruwa su huta, na kama biyu masu nauyin ciki, na sa a bokiti da ruwa.

Ina juyowa na ga mace a kan gada, da kakin hukuma da bindiga a ƙugu. Irin ma'aikatan gandun daji ne namu, amma su na ruwa. Ba ta yi tsawa ba. Ta ce, "Yallaɓai, mene ne a bokitin?"

Na ce, "Kifi."

"Ka ga allon can?"

Daga baya Maikel ya ce da na ce ban iya Turanci ba, da gargaɗi kawai za ta yi mini. Ni da na yi aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, in tsaya gaban sa'ar 'yar cikina in yi ƙaryar jahilci? Na ce, "Na gan shi, na kuma karanta shi."

Ta ce to me ya sa. Na gaya mata zancen Walta. Sannan na ce, "Ni kin kama ni da biyu. Waɗancan masu jirgi wa yake leƙa bokitinsu?"

Ta sauko bakin ruwa, ta sa hannu ta ɗago guda, ta juya mini cikinsa. Ta ce, "Wannan ta tsere wa jirgin da kake faɗa. Ta tsere wa manyan kifaye da tsuntsaye. Saura matakalar nan kaɗai ta zuba ƙwanta, sai ga ka." Ta ce ita ma 'yar masunci ce, kuma ba ta ce maganata ƙarya ba ce, amma ikonta a rafin nan ya tsaya.

Na karkata bokitin da hannuna suka fice. Amma na ce mata tsakanina da kifi an gama, tsakanina da dokarsu kuwa ba a gama ba. Ta rubuta mini tara, ta shigar da sunana da lambar fasfona a na'urarta. Da za ta tafi ta ce akwai taron jama'a da hukumar kifi a zauren gari cikin makon, in ina da magana can ne wurinta.

A gida Rifkatu ta yi kuka. "Baba, ka san abin da ka yi? Sunanka ya shiga na'ura. Gobe in ka nemi biza suka hana, yaron nan a waya zai san ka." Wannan ta taɓa ni fiye da tarar, don ban yi tunaninta ba kafin in shiga ruwa. Na rarrashe ta, amma ban ce mata na yi nadamar tambayar da na yi ba.

Walta kuwa da ya ji, ya zo fuskarsa ja wur. Ya ce shekaru yana riƙe hannunsa, ni daga zuwa na zubar masa da mutunci a rafin garinsu, ai bai aike ni ba. Na ce, "Ba ka aike ni ba. Amma kai ka riƙe hannu, ka kuma riƙe baki. Hannun na gane. Bakin fa?" Ya fita ya buga ƙofa. Ranar taro sai ga motarsa, ya sa rigar da Maikel ya ce rabonsa da ita tun jana'izar matarsa.

Taronsu ba irin namu ba ne. Babu addu'ar buɗewa, babu manyan baƙi, kowa ana ba shi ɗan lokaci, in ya cika a kunna jar fitila ko da tsakiyar magana kake. Na sa babbar rigata na ɗaga hannu. Na ce ni baƙo ne, ni ne wanda aka kama da kifi biyu, na kuma biya. Aka yi dariya. Na ce a soja an koya mini idan kayan bariki suna ɓacewa, ba a fara bincike daga aljihun kurtu a bar mai motar ɗaukar kaya ya wuce. Na ce in hani ne a yi shi daga teku har rafi, kowa ya ji a jikinsa, in ba haka ba kada a kira shi adalci. Fitila ta kama ni ban gama ba, na ƙarasa abina.

Wani ƙaƙƙarfa mai aiki a jirgin kamun kifi ya tashi ya ce shi ma yana da 'ya'ya, kuma ba su suka toshe rafuka da madatsu ba, ba su suka zuba dattin gari a ruwa ba. Ya dube ni ya ce in koma ƙasarmu in gyara namu. Ban ji haushi ba, don a cikin maganarsa akwai gaskiya.

Sai Walta ya miƙe. Bai nemi a ɗage hanin ba. Ya ce shi ya haƙura, ba zai sake ci ba, ya sani. Abin da yake nema a ture jiragen nesa da bakin rafi a lokacin da kifin ke shigowa, don jikansa ya ci. Jar fitila ta kama, mai kula da ita ya sa hannu ya rufe ta har tsohon ya gama. Manyan suka ce za su duba. Ba a canza komai a ranar ba, kuma har na taho ba a canza ba. Amma Rifkatu ta ce tun daga nan Walta bai sake fashin taro ba, har ya jawo wasu tsofaffi. Zancen biza kuwa ban sani ba tukuna, sai na nema.

Na dawo gida na tarar da tawa. Gurbin da nake fatsa a rafin bayan gonata ya cika da kifi matattu, fararen ciki a sama, har da ƙananan da ba su kai yatsa ba. Wasu ne suke zuba maganin feshin gona, su kwashe manya su kai kasuwa, wasu kuma suna tace ruwa da gidan sauro. Na kai ƙara wurin mai unguwa. Ya ce abu mai sauƙi, sai a hana kamun kifi gaba ɗaya a rafin, da fatsa da komai, a huta. Na ce, "Ranka ya daɗe, daga inda aka yi haka na fito. Mai fatsa zai bi doka ya zauna gida, mai guba ya samu fili. A hana guba da gidan sauro, a kira sunan masu yi." Ya ce zai duba. Wannan amsar na riga na ji ta da Turanci.

Ban jira ba. Na sari sabuwar gora na koma zamana. Ba a yi mako ba sai ga su da hantsi, magidanta uku a kan babur, da buhu da jarkar maganin feshi. Na gaba na san shi, Ɗanjuma, ɗan wani da muka yi aiki tare. Ya ce, "Baba Saja, ka ɗan matsa ƙasa, aiki za mu yi."

Na ajiye sandata, na tuɓe takalmi, na shiga ruwa har ƙugu. Na tsaya a tsakiyar gurbin.

Ya ce, "Baba, maganin nan yana ƙona fata."

Na ce, "Na sani. Zuba. In ka gama ka je ka gaya wa ubanka inda ka bar ni."

Ɗaya daga cikinsu ya ce tsohon nan Amurka ta taɓa masa kai. Ɗanjuma ya ce su ma ba don daɗi suke yi ba, gonarsu ta can ciki ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga, yara na gida. Na ce na san wannan, kuma ba ƙarya ba ne, amma matata da tasa a rafin nan suke ɗiban ruwa idan famfo ya tsaya. Na ce in kifi yake so, ina da ƙugiyoyi cike da gwangwani, ya zo in nuna masa yadda ake ɗaura su a dogon zare a bar su su kwana a ruwa.

Ya daɗe riƙe da jarkar. Sannan ya ɗaure ta a bayan babur. Da ya tayar da inji ya waiwayo ya ce, "Gobe ma kana nan?"

Na ce, "Ni ɗan fansho ne, Ɗanjuma. Ba ni da wurin zuwa."